Garka da Gort: Kama ce ko Dangantaka?

Da zarar an kawar da amfanin damina a ƙasar Dogo, kudu da birnin Damagaram a kan hanyar Magarya, sai aiki ya koma fadama. A kwarin Korama ruwa ba shi da nisa da ƙasa, shi ya sa ake noman rake da rogo da albasa da tumatir har cikin bazara. Amma kafin a dasa komai sai an fara da shinge, domin lokacin ne ake sakin dabbobi su ci kara a gonaki. Wani ya jawo ƙaya ya datse, wani ya kafa darni, mai hangen nesa kuma ya dasa aguwa ko dashi, shingen da ba ya bukatar sabuntawa kowace shekara. Abin da ke cikin shingen nan shi ake kira garka. Gona tana iya zama fetal, iyakarta layin gamba ko wani gawo da kowa ya sani. Garka kuwa ba ta cin sunanta sai an kewaye ta.

Yaron da ya tashi a nan ya shiga lakwal zai ji malaminsa yana kiran irin wannan wuri jardin. In ya tsallaka Kano ya ji garden a bakin ƴan boko. In kuma Allah ya kai shi ga littattafan ilimin harsuna, zai tarar cewa a ƙasar Ailan ana ce wa gona gort, a Wales garth na nufin fili mai shinge, kuma masana sun ce su biyun sun fito daga wata tsohuwar kalma, *gortos. Garka, garth, gort, garden: ga g, ga r, ga ma'ana kusan guda. Ba laifi in mutum ya tsaya ya tambaya ko akwai jini a tsakani. An sha gina manyan labaran asalin ƙabilu a kan kamannin da ba su kai wannan ba.

Sai a fara da ɗan tauraron da ke gaban *gortos. Alama ce ta riƙon amana tsakanin masana harshe. Tana nufin ba wanda ya taɓa ganin kalmar a rubuce da wannan siffa, lissafi ne ya fito da ita. Keltawa, masu kalmar, sun bazu a Turai tun kafin daular Rum ta yi ƙarfi, daga Sifaniya da Faransa ta yau har tsakiyar Turkiyya, inda wani reshensu ya zauna a Galatiya cikin ƙarni na 3 kafin miladiyya. Yuliyas Kaisar ya ci ƙasarsu ta Gaul tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin miladiyya, daga nan Latin ya riƙa haɗiye harshen can sannu a hankali. Yau harsuna 6 suka rage, duk a gefen yammacin Turai: na Ailan, da Gaelic na Scotland, da na tsibirin Man, da na Wales, da na Cornwall, da Breton na arewa maso yammacin Faransa. Na Man da na Cornwall ma sai da suka ɓace daga bakin jama'a sannan aka farfaɗo da su. Uwar da ta haife su duka ba ta bar rubutu ba.

Edward Lhuyd, mutumin Wales, shi ya fara jera kalmomin waɗannan harsuna kafaɗa da kafaɗa a littafinsa na 1707. Amma wanda ya aza tubalin ilimin shi ne Bajamushe Johann Kaspar Zeuss, da ya bi ɗakunan ajiyar littattafai na Würzburg da Milan da Sankt Gallen yana kwafe ƴan bayanan da malaman zuhudu na Ailan suka rubuta da harshensu a gefen littattafan Latin, kamar dai yadda almajiranmu ke rataya fassara da ajami a gefen Ishmawi ko Risala. Nahawunsa ya fito a 1853, shekarar da matafiyin nan Heinrich Barth ya bar Zinder, wato birnin Damagaram, ya nufi Katsina da Sakkwato. A 2009 masanin Kuroshiya Ranko Matasović ya tattara abin da aka cimma a ƙamus guda na tushen kalmomin uwar harsunan Keltawa.

Yaya ake lissafin? Da ƙa'idar da ke maimaita kanta. Tsohon harshen Ailan yana da gort, gona. Na Wales yana da garth, na Breton yana da garzh, shinge. Duk inda Ailan ke da rt, Wales na da rth: nert da nerth, ƙarfi, art da arth, dabbar nan ta dajin Turai mai kama da ƙaton kare. Saboda haka t ce ta asali, mutanen Wales ne suka sassauta ta. Daga nan sai a leƙa maƙwabta. Latin na da hortus, lambu. Girkanci na da khortos, shingen dabbobi, har ma ciyawar da ake zuba musu. G a Keltanci, h a Latin, kh a Girkanci: shin wannan jeri yana sake fitowa a wata kalmar da ba ruwanta da shinge? Yana fitowa. Lokacin sanyi gam ne a tsohon harshen Ailan, hiems a Latin, kheima a Girkanci. Da irin waɗannan misalai masu yawa aka gane cewa harsunan uku sun gaji sauti guda, wata g mai huci, kowanne ya sarrafa ta yadda bakinsa ya saba. Saiwar ita ce *gher-, wato kewayewa ko riƙewa, an yi mata ɗafa-ƙeya -to- mai nuna abin da aka yi wa aiki. Ashe *gortos na nufin kewayayye, ginin kalma irin na dafaffe da gyararre a Hausa.

Nahawun kalmar zai fi sauƙin ganewa ga wanda ya zauna gaban malam ya karanci i'irabi. Yadda Larabci ke cewa baitun, baitan, baitin gwargwadon matsayin suna a jimla, haka tsohon Keltanci yake sauya ƙarshen suna, sai dai matsayan nasa sun fi uku. In gonar ce ke aikata abu, *gortos. In ita aka yi wa aikin, *gortom. In mallaka ake nufi, kamar a ce iyakar gona, *gortī, da doguwar i. In kiran ta ake yi, *gorte. Jam'inta a matsayin aikau *gortoi. Jinsinta namiji ne, cikin harshen da ke da jinsi 3, namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, kuma yana da siffar abu biyu kamar musanna ta Larabci.

Abin sha'awa shi ne yadda waɗannan ƙarshe suka zube amma suka bar sawu. A tsohon harshen Ailan gort ne aikau, mallaka kuwa guirt. Doguwar i ta ƙarshe ta tafi, amma kafin ta tafi ta ja wasalin tsakiya sama, ta kuma ganɗanta baƙin da ke gabanta. Bahaushe ya san wannan aiki na i da e sarai, ko da bai san sunansa ba: mota ta zama motoci, kaza ta zama kaji, ƙasa ta zama ƙasashe, gida ya zama gidaje. Bambancin kawai, a Hausa wasalin da ya jawo canjin yana nan ana ganin sa, a Ailan ya gudu ya bar aikinsa.

Sawun bai tsaya a ƙarshen kalma ba, ya kai har goshinta. A harshen Ailan na yau gonarsa a ghort ce, gonarta a gort, gonarsu a ngort. Ɗan harafin a ɗin iri ɗaya ne a duk ukun, baƙin farko na sunan shi ke faɗin mai gonar. Dalili kuwa, a da can kalmomin mallakar uku ba su ƙare da sauti ɗaya ba: ɗaya da wasali, ɗaya da s, ɗaya da sautin hanci, kuma kowacce ta yi naso a kan abin da ya biyo ta kafin ta ɗaiɗaice. Mai jin Fulatanci ba zai yi mamakin baƙin farko mai sauyawa ba, tun da ya san Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, debbo da rewɓe. Harsunan biyu ba su haɗa kaka ba, hanya ce kowa ya kama da kansa.

Keltawa sun kuma harɗa kalmar da wasu. Da sunan ganye a gabanta ta ba da lubgort a Ailan, lluarth a Wales, liorzh a Breton, duk lambun kayan miya. Da sunan saniya ta ba da buarth a Wales, shingen shanu. Akwai garin da ake kira Gort a yankin Galway, kuma a tsohon rubutun ogham na Ailan, wanda ake zanawa a gefen dutse, sunan harafin g shi ne gort.

Ma'anar ita ma ta yi tafiya, kuma tafiyar ce ta fi shafar Bahaushe. Wata ƴar'uwar saiwar ta ba Rashanci gorod, gari, wadda ake ji a Novgorod, ta ba harsunan Slav na kudu grad da ke cikin Belgrad, ta ba Lituweniyanci gardas, shingen dabbobi, ta ba Sanskrit na Indiya griha, gida. Wata kalmar Keltanci daban, *dūnom, wurin tsaro mai ganuwa, ita ke cikin Lugdunum, tsohon sunan birnin Lyon, da kuma Verdun inda aka gwabza a 1916. Kakannin Jamusawa sun are ta tun da daɗewa, ga kuma inda ta kai: Zaun a Jamusanci shinge ne, tuin a harshen Holan lambu ne, town a Ingilishi gari ne. Kalma guda, matakai uku. A Wales llan ta fara da nufin fili kewayayye, ta koma harabar coci, ta koma cocin kansa, yau tana gaban sunayen ɗaruruwan garuruwa irin su Llanelli da Llandudno.

Hausa ta bi wannan hanya ba tare da ta ji labarin Wales ba. Gida a wurin Bahaushe ba ɗaki ba ne, duk abin da danga ko katanga ta kewaye ne, kuma daga gidan mutum guda gari ke tashi ya riƙe sunan, kamar Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Garka kanta ta sauya wurin zama: a Sakkwatanci ƙofar gida ake nufi da ita, filin nan da ake shimfiɗa tabarma a yi hira, har a ce garkar sarki, ko garkas sarki yadda bakin can ke naɗe mahaɗin mace cikin baƙin da ke biye. Harshen ma ya rarrabe shinge daki-daki: na ƙaya, da darnin kara, da dangar zana, da katangar ƙasa, da garu, da ganuwa mai kewaye gari duka. Mutanen da ba su damu da abu ba ba sa ba shi sunaye shida.

Babban misali shi ne birni. A Zinder har yau tsohon gari kashi biyu ne, Birni da Zango. Birni shi ne cikin ganuwa, inda fadar sarkin Damagaram take. Zango kuwa a waje yake, masaukin ayarin da ke zuwa daga Agadas da Tarabulus, unguwar fatake da Bugaje. Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye birnin da babbar ganuwa a shekarun 1850, ya kuma sa aka ƙera igwa a cikin garin. Faransawa sun shiga a 1899, daga baya Zinder ta zama mazaunin mulkinsu na ƙasar Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Ganuwar ta zube sai ƴan guntaye, sunan unguwar bai motsa ba. Kalmar ma ta rabu da ganuwa gaba ɗaya: ana cewa birnin Yamai, birnin Landan, ana cewa ɗan birni, ba mai tambayar ina ƙofofin suke. Abin da ya sami town shi ya sami birni.

To amma birni ba haifaffiyar Hausa ba ce, in aka bi hujjar masanin harshe Joseph Greenberg. A maƙalarsa ta 1960 kan tasirin Barebari a kan Hausawa ya sa ta cikin kalmomin da suka shigo daga Barbarci, tare da kasuwa da karatu da rubutu da sarautu irin su galadima da ciroma da yarima. Tarihi bai saɓa masa ba. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, shi ne babban birnin Borno har masu jihadi suka ci shi a 1808, kuma Damagaram ta tashi ne a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Borno, tana kai gaisuwa can. Mutumin wannan ƙasa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan cuɗanyar Hausa da Barbarci, yana jin ta a sunayen sarautun fada da na garuruwan gabas.

Birni ta zauna ta yi kaka-gida har ta karɓi jam'in Hausa tsantsa, birane, a ma'aunin gulbi da gulabe, kasko da kasake, jirgi da jirage, aska da asake. Garka ma a nan take shiga ta ba da garake, ko da yake akwai masu cewa garekani, a ma'aunin garma da garemani. Darasin da ke nan shi ne jam'i ba ya shaidar asali, tun da baƙuwa ma tana samun sa.

Sai dai wannan ma'aunin jam'i yana da wani amfani da ya fi haka, kuma a nan ne Hausa ke da nata kalmomi masu tauraro. Saboda yana cusa doguwar a tsakanin baƙi na biyu da na uku, yakan tono baƙin da ya ɓuya a tilo. Me ya sa jam'in Buzu ya zama Bugaje, ina g ta fito? Me ya sa farke ya zama fatake, ɓauna ta zama ɓakane, juji ya zama jibaje, zuciya ta zama zukata? Bajamushe August Klingenheben ya ba da amsa a ƙarshen shekarun 1920, har ƙa'idar ta ci sunansa. Baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yakan raunana: k da g su koma u, t da d su koma r, b da f da m kuma su koma u a Hausar gabas. Ke nan tsohuwar siffar Buzu ita ce *bugzu, ta farke *fatke, ta ɓauna *ɓakna, ta juji *jibji. Talaka da talauci shaida ce ta biyu. Kashi na uku na ƙa'idar bai ma kai yamma ba, shi ya sa Basakkwace ke zamna inda Bakano ke zauna, yake sabka, yake amre. Ba wanda ya taɓa jin wani ya ce *bugzu, amma hujjarta ba ta fi ta *gortos rauni ba ko kaɗan.

A gwada garka da wannan ma'auni. Farke ya ba da fatake, t ta bayyana. Garka ta ba da garake, r tana nan daram, babu wata t da ta ɓuya a cikinta, alhali t ɗin *gortos ginshiƙi ce a ginin kalmar. K ɗin garka kuma ba ta da abokiya a can. Abin da ya rage na kamannin shi ne g da r, kuma r ɗin ma ba abin dogaro ba ce. Paul Newman, wanda tare da Roxana Ma suka fitar da jerin farko na tsoffin saiwoyin harsunan Cadi a 1966, ya nuna cewa tsohuwar r ta tsakiya da ƙarshen kalma ta koma y ko i a Hausa. Shi ya sa mai da soya da kifi ba su da r, alhali takwarorinsu a wasu harsunan dangi suna da ita. R ɗin da ake ji yau a kalmomi da yawa daga l ta fito, kamar yadda halshe da galma na yamma ke tuna wa mai cewa harshe da garma. Ke nan in garka tsohuwar kalmar gida ce, babu tabbacin r ɗinta ta fara a matsayin r. In kuwa ta aro ce, to a bakin maƙwabta za a neme ta, ba a tsibiran Turai ba.

Dangin Hausa sanannu ne: Gwandara a kusa, sai Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade da Angas da sauran harsunan Cadi sama da 150 a Nijeriya da Kamaru da Cadi, a can nesa kuma Larabci da Buzanci da tsohon harshen Masar. Shaidar wannan zumunta tana cikin kalmomin da ba a cika aro ba, irin su mutu da suna da huɗu, da kuma t ta mace da ke cikin ta da ita, wadda ke cikin ta'ul marbuɗa ta Larabci. Keltanci ba ya cikin wannan gida. Kama da wane ba ta wane, kuma a harshe haka abin yake, domin baƙaƙen da bakin ɗan Adam ke furtawa kaɗan ne, kalmomi kuwa dubbai. Ko cikin harshe guda ana samun karo. A Ailan gorta yunwa ce, da ita ake kiran babbar yunwar da ta fara a 1845, kuma ba ta haɗa saiwa da gort ba duk da harafi ɗaya ya raba su. A Hausa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasali ya raba su. Mai son haɗa garka da garƙame ƙofa shi ma ya lura cewa k da ƙ baƙaƙe biyu ne daban. Garke ne ya fi cancantar a bincika, tun da dabba da shingenta sukan yi musayar suna a harsuna da dama, amma bincike ake nufi, ba yanke hukunci daga jin kunne ba.

Duk da haka *gortos tana da ƴar'uwa ta jini a bakin Hausawa, sai dai ba inda ake zato ba. Latin ya ɗauki saiwar hortus ya yi mata ɗafa-goshi ya sami cohors, farfajiyar gida mai shinge. Daga farfajiya ta koma mutanen da ke taruwa a cikinta, ta koma rundunar soja, ta koma fadar sarki da muƙarrabansa, ta koma wurin da sarki ke yanke hukunci. Faransanci ya gaje ta, yau cour, Ingilishi ya karɓa daga tsohon Faransanci ya ce court, Turawan mulkin mallaka suka kawo ta ƙasar Hausa, baki ya gyara ta ta zama kotu. Kotun da ake ji kullum a rediyo ita ce dangin gort, ba garka ba. Yadin tufafi kuwa, duk da ya yi kama da yard na farfajiya, daga wata yard ɗin daban ya fito mai nufin sandar awo.

Akwai wata kalmar shinge daga babban gidan harsunan Indiya da Turai, wanda Keltanci da Latin ke ciki, da ta riga kotu isowa da ƙarnoni, kuma ta fi ta daraja. A tsohon harshen Iran pairi-daeza na nufin wurin da aka kewaye da katanga, irin lambunan sarakunan Farisa. Girkawa suka ara suka ce paradeisos, Larabci yana da firdaus, Musulunci ya kawo ta nan. Duk wanda ya yi wa mamaci addu'ar Aljannar Firdausi ya furta ta. Ita ma janna a Larabci lambu ce, daga saiwar da ke nufin rufewa da lulluɓewa.

Wani zai ce wannan duk hirar malamai ce. Ba haka ba ne a ƙasar da fili ya yi ƙaranci kamar kudancin Damagaram, inda yankunan Mirya da Magarya da Matamai ke cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin kula da filaye har matakin ƙauye, aka ƙara da dokar kiwo ta 2010. Takardun da Faransanci ake rubuta su, amma gardamar da Hausa da Fulatanci ake yin ta. A zaman sulhu kan ɓarna ana tambayar ko wurin garka ne ko gona, ko saura ce da aka bari ta huta, ko akwai shinge, ko an ci burtali. A rikicin gado ana tambayar ko gandu ne ko gayauna, ko aro aka ba kakan wane ko jingina ko kyauta. Kowace kalma a nan tana ɗauke da haƙƙin wani, kuma kowacce da tarihinta: burtali daga burtol na Fulatanci, hurumi daga saiwar Larabci ta haramci. In ma'anar da dattawa suka sani ta ɓace ba a rubuta ba, hujjar mai rauni ce ke ɓacewa.

Keltawa sun sami *gortos ne domin wasu sun rubuta kalmomin bakinsu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wasu kuma suka zo daga baya suka tattara su da haƙuri. Ƙasar Damagaram ba baƙuwa ba ce a irin wannan aiki. Dorugu, yaron da aka kama bawa daga Dambanas kusa da Kance, wanda ya bi Barth zuwa Turai a 1855, shi ne babban majiyin James Frederick Schön, mai nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. Bayan haka nauyin ya koma Kananci, wanda aka gina daidaitacciyar Hausa a kansa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi ƙoƙarin nuna kalmomin Sakkwato da Katsina da wasu wurare, Neil Skinner ya fitar da ƙamusun kwatanta Hausa da danginta a 1996, Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006.

Aikin da ke gaba bai fi ƙarfin ɗalibai ba. Jami'ar André Salifou tana nan Zinder, ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A tura ɗalibai ƙauyukan Mirya da Magarya da Gure su zauna da tsofaffin manoma da makiyaya, maza da mata, su ɗauki sunan kowane irin fili da kowane irin shinge, da jinsinsa da jam'insa, a nuna karin sauti da tsawon wasali, a rubuta garin da aka ji shi, a tambayi yadda Babarbare da Bafulatani da Buzu na wurin ke kiran abu ɗaya. Sannan a aika wa masu nazarin Bolanci da Ngizim da Bade a jihar Yobe su gwada da nasu. Malaman harshe na Zinder da Yamai da Kano su sa wannan cikin ayyukan kammala digiri tun bana, tun masu sanin kalmomin suna raye.